ABBA, WANNAN KIƊAN SHI MA HARAMUN NE?



'Yan'uwa, da yawanku kun yi ta cigiya, kwana biyu shiru ba a ji ɗuriyar Malam ba, har wasu suka yi zaton jinya ce. Lafiyata ƙalau, alhamdu lillah. Tafiya na yi, amma ba irin wadda kuka saba ji ba. Ban je wa'azi ba, ban je ɗaurin aure ko ta'aziyya ba. Iyalina na ɗiba a mota muka yi kwana biyar muna zaga garuruwa: Zariya, Kano, Daura da Katsina. Abin da na gani a wannan tafiya shi nake so mu tattauna yau, don na dawo da abin da ya fi tsarabar kilishi nauyi.

Bari in fara da faɗin laifina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da aka ba da hutun makaranta, babban ɗana, mai shekara 16, ya zo yana ba ni labarin 'yan ajinsu: wane za su Dubai, wane za su Masar, wane Turkiyya. Na ce masa Allah ya kai su lafiya, mu hutunmu hadda ce da muraja'a. Yaro ya yi shiru ya tashi. Da dare uwarsu ta same ni ta ce: "Malam, in faɗa maka gaskiya? Babu jihar da ba ka taka ba a Arewa da sunan wa'azi. Amma yaran nan in ban da Kaduna da ƙauyenmu ranar sallah, me suka sani? Kullum jakarka suke gani tana fita tana dawowa. Ka yi hattara kada ka zama inuwar giginya, na nesa ka sha."

Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Ni da nake hawa mumbari ina karanta wa mutane hadisin da ya ce kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi a kan abin kiwonsa, ashe garkena yana gida yana kiwon kansa. Na tuna Manzon Allah (SAW), da duk nauyin al'umma da ke kansa, in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo mata ya tafi da ita. Na tuna a wata tafiya ya ce sahabbai su yi gaba, ya tsaya ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa. Bayan shekaru, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, ya tsere mata, yana dariya yana tuna mata waccan ta farko. Abu Dawud ya ruwaito wannan. To ni wane ne da zan ce aikin da'awa ya hana ni fita da iyalina?

Da gari ya waye na ce su shirya. Kuɗin Dubai ba ni da shi, amma akwai garuruwan da kakanninsu suka gina, waɗanda ba su taɓa gani ba.

ZARIYA

Ranar Alhamis muka fita da sassafe, don Annabi (SAW) yana son fita tafiya ranar Alhamis, kuma ya yi wa al'ummarsa addu'ar albarka a sammakonta. Kafin in tayar da mota muka karanta addu'ar tafiya tare, na raba aiki. Babban yaron shi ne mai kula da lokacin sallah. Ƙanwarsa, mai shekara 12, ita ce ma'aji, kuɗin ciye-ciye yana hannunta. Auta kuwa, ɗan shekara 6, aikinsa tambaya, kuma wallahi ya yi aikin nan da gaskiya.

Ba mu wuce Maraban Jos ba na lura da abu ɗaya ta madubi. Babban yaron ya toshe kunnuwansa biyu da abin sauraron waya, ya jingina kai da gilashi. Jikinsa yana cikin motata, hankalinsa yana wani wuri da ban sani ba. Na haɗiye, ban ce komai ba.

A Zariya muka shiga ta Ƙofar Doka, muka nufi tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fada. Wanda bai taɓa shiga ba ya daure ya je. Daga waje gini ne na zamani, amma a ciki an bar ainihin ginin ƙasa da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Ginshiƙai masu kauri, bakan gizo na azara da laka sun haɗu a sama, babu ƙarfe babu siminti, ga shi ana neman shekara 200 yana tsaye. 'Yata ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: "Abba, Bahaushe ne ya gina wannan?" Na ce ƙwarai kuwa. Tambayar ta yi min ciwo, domin ta nuna min abin da yarinyar ta ɗauka game da mutanenta: in abu ya yi kyau, to baƙo ne ya yi shi.

Muna fitowa sai ga wani makaho da ɗan jagoransa, yana rera waƙar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau. Babu ganga babu kalangu, murya ce kawai da sanda. Yana tuna wa mutane ruɗin duniya da kwanciyar kabari. Uwarsu ta tsaya tana share ido, ta ce kakarta takan rera wannan in tana kaɗi. Wannan shi ne sauti na farko da muka ji a tafiyar. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

KANO

A Kano muka yi kwana biyu. Da yake ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu ba, muka ci gaba da ƙasaru, Azahar da La'asar da Isha raka'a bibbiyu in mun yi sallarmu mu kaɗai. Ashe yaran sun karanta babin sallar matafiyi a Islamiyya, sun ci jarrabawa a kai, amma ba su taɓa yi ba. Auta ya ce: "Abba, Allah ya rage mana ne don mun gaji?" Na ce e, sadaka ce Allah ya yi mana, kuma yana son a karɓi sadakarsa. Abin da aka shekara ana bita a allo, hanya ta koyar da shi a yini ɗaya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gani ya kori ji.

Da safe muka hau Dutsen Dala. Na koya musu abin da Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, cewa sahabbai in suna hawa tudu kabbara suke yi, in suna gangarowa su yi tasbihi. Haka muka hau matattakalar nan muna kabbara muna haki. A sama, Kano ta shimfiɗu a gabanmu, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin masallatai ba sa ƙirguwa. Na zaunar da su na ce: a wannan wurin da muke, tarihin Kano ya nuna nan ne mazaunin Barbushe, mai hidimar gunkin da ake kira Tsumburbura. Mutanen da suka zauna a gindin dutsen nan tsafi suke yi. Sai Allah ya kawo Wangarawa daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, suka zo da sallah da karatu. Bayan su, a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka a garin nan, har ya rubuta wa sarki littafi a kan yadda ake mulki bisa shari'a.

Na ce musu: Musuluncin da kuka buɗe ido kuka gani a gida, wasu ne suka taka sahara da ƙafa da raƙumi suka kawo shi. Da Allah bai turo su ba, da wataƙila ni da ku muna gindin dutsen nan muna yanka baƙin bunsuru. A nan na gane hikimar da ta sa Alƙur'ani ya yi ta maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Muna zaune aka kira Azahar, masallatai suka ɗauka ta ko'ina, kiran sallah yana tasowa daga ƙasa yana iske mu a kan dutsen Tsumburbura. Babban yaron ya cire abin kunnensa da kansa.

Bayan mun sauko muka leƙa Gidan Makama suka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi, muka kutsa Kasuwar Kurmi inda ma'ajinmu ta yi ciniki kamar Bakanuwa, muka ci gurasa bandashe. Amma inda na fi daɗewa shi ne marinar Ƙofar Mata. Wani dattijo yana zaune a bakin rami, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu. Na gaishe shi na ce: "Baba, a nuna wa jikokinka yadda ake yi." Ya yi murmushi ya ce ruwa ne da baba da toka, sai a bar su su yi kwanaki su nuna. Ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa. Auta ya ce me ya sa ba za a bar shi a ciki kawai ya rinu ba? Dattijo ya ce: "Yaro, in ka danne shi a ciki ba ka bari ya sha iska ba, ba zai kama ba. Iskar ce ke fito da launin."

Na dubi uwarsu, ita ma ta dube ni. Shekara nawa ina tsoma yaran nan a karatu, safe Boko, yamma Islamiyya, dare hadda, ban taɓa ɗaga su sun sha iska ba, sannan ina mamakin me ya sa launin bai kama yadda nake so ba.

Daren nan kuma muka gamu da sauti na biyu. Masaukin da muka kama yana jikin wani ɗakin taro, ashe ana dinar biki. Tun bayan Isha aka saki kiɗa, bango yana rawa. Da na sauka neman ruwa na hango abin da ke gudana: maza da mata a cakuɗe, amarya a tsakiya da shigar da ko a ɗakin mijinta sai an rufe ƙofa, ana ta liƙi ana tattaka kuɗi. Kalmomin waƙar kuwa ba zan iya rubuta su a nan ba. Har wajen ƙarfe biyu na dare ba mu runtsa ba. Da Asuba muka fita masallacin unguwar, sahu bai cika ba, kuma ban ga ko hula ɗaya daga cikin hulunan daren jiya ba. Ban yi wa yaran wa'azi a kai ba. Sun gani da idonsu.

DAURA

Ranar Asabar muka bi ta Kazaure muka isa Daura. Muka je rijiyar Kusugu, mai kula da wurin ya ba su labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da sarauniya Daurama. Na ga wasu baƙi suna ɗura ruwan a gora, wata tana cewa wai yana maganin kaza da kaza. Na ja yarana gefe na ce: labarin nan tarihin baka ne na kakanninmu, mu ji shi, mu san shi, mu ba 'ya'yanmu. Ruwan kuma ruwa ne, mai ƙishi ya sha. Amma ruwan da nassi ya tabbatar wa falala ta musamman shi ne Zamzam. Ana iya girmama tarihi ba tare da an mayar da shi aƙida ba.

Muna dawowa ta ƙofar fada sai ga wani basarake ya zo gaisuwa da jama'arsa. Dawaki sun sha ado, 'yan algaita kumatu sun kumbura, kakaki yana tsaga iska, masu ganguna suna biye, maroƙi yana jero sunayen kakanni. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, na tsaya. Na ɗan jima ina kallo. Sai na ji an ja min hannun riga. 'Yata ce. Ta ce:

"Abba, wannan kiɗan shi ma haramun ne? Na ga ka tsaya. Kuma ai na ji ka a wa'azi ka ce kiɗa haramun ne."

Babban yaron ya juyo yana jiran ya ji me zan ce. Na san wannan tambayar ba ta algaita ba ce kaɗai. Suna so su gani ne ko abin da Abba yake faɗa a lasifika shi ne abin da yake yi in ya bar gari. In na ce mata "yi min shiru", na rasa su. In na yi kwana-kwana, sun gane. Sai na ce mu samu inuwa. Muka zauna gindin wata bishiya, aka kawo fura da nono, na ba su amsa kamar yadda zan ba manya, kuma ita ce zan maimaita muku.

Na ce: mafi yawan malamai, har da mashhurin mazhabobin nan huɗu, sun tafi a kan hana kayan kiɗa, in ban da duffi, wato irin mandiri, a biki da idi. Hujjarsu akwai hadisin da ke cikin Bukhari wanda ya ambaci wasu mutane da za su zo su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, da kuma fassarar da Abdullahi ɗan Mas'ud ya yi wa aya ta 6 a Suratu Luƙman. Wannan shi ne abin da nake bi, shi nake karantarwa, shi ya sa ba ku taɓa jin na kunna kiɗa a gida ko a mota ba. Amma amanar ilimi ta sa dole in gaya muku akwai malaman da suka saɓa, irin su Ibnu Hazmin, wanda bai ga ingancin hadisan hanin ba, duk da malaman hadisi sun yi masa raddi a kan na Bukhari. Imamu Gazali ma ya ware babi guda a Ihya'u yana rarrabe hukuncin sauraro gwargwadon abin da ake faɗa da halin mai saurare.

Na ce: ko a ƙasar nan tamu maganar ba sabuwa ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan Hausa saboda shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba, amma ya bar ƙofar buga ganga don buƙata, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. Kuma shi Shehun da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da talakawa da mata addini, da Fillanci da Hausa. A zamanin Annabi (SAW) kuwa, ranar idi ya tarar da 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi ya ce a ƙyale su, ranar idi ce. Ya tsaya ya kāre ta da jikinsa tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci har sai da ta gaji don kanta. Yana da mai yi wa raƙuma waƙa a hanya, Anjashata, wanda ya ce wa ya sassauta saboda matan da ke kan raƙuman.

Sannan na ce mata: game da tsayuwata, malamai sun bambanta wanda sauti ya faɗo wa kunne yana wucewa da wanda ya zauna ya baza kunne. Farkon tsayuwata dawakin nake kallo. Amma gaskiya na daɗe fiye da yadda ya kamata ga mai ra'ayi irin nawa, kuma kin yi daidai da kika ja rigata. Allah ya yi miki albarka.

Yarinyar ta yi wani irin murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ban ragu da komai ba don na amsa a gabansu. A ganina ma ranar ce suka fara yarda da wa'azina.

Daga nan na tambaye su: sauti nawa muka ji a tafiyar nan? Suka lissafa: makahon Zariya, dinar Kano, algaitar Daura. Na ce to duka ukun Bahaushe zai iya kiransu waƙa ko kiɗa, amma ku da kanku, ɗaya suke? Na farko ya sa mamanku ta tuna mutuwa. Na uku malamai sun yi magana a kai, mai tsantseni ya wuce abinsa. Na biyu kuwa babu malamin kirki a duniya da zai halatta shi, ko da wanda ya fi kowa sassauci ne, domin batsa da tsiraici da cakuɗuwa da tozarta dukiya da kashe sallar Asuba haramcinsu bai tsaya jiran hukuncin ganga ba. In muka haɗa ukun muka yi musu kuɗin goro, yaro zai fita waje ya ga ba ɗaya suke ba, daga nan sai ya daina yarda da mu a kan dukkansu.

HANYAR KATSINA

Abin da ya fi tsaya min a rai a hanyar Daura zuwa Katsina ya faru. Na ba uwarsu baya, na ce babban yaron ya dawo gaba. Muna tafe na ce: "Ɗan ba ni kunne ɗaya in ji abin da kake ji." Ya dube ni ya ga ba faɗa a fuskata. Ya miƙo. Na farko karatun Alƙur'ani ne, na ji daɗi. Na biyu wata waƙar Hausa ce ta soyayya, na yi shiru. Da ta uku ta fara, ba a yi daƙiƙa ashirin ba ya kai hannu da sauri ya ce: "Abba bari in wuce wannan."

Na ce me ya sa? Ya sunkuyar da kai.

Na ce masa: ɗana, ban san waƙar nan ba, ban ma gama jin me ake cewa ba. Kai ne ka yanke mata hukunci, ba ni ba. Annabi (SAW) ya gaya wa Nawwas ɗan Sam'an cewa zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji kuma ka ƙi mutane su gan ka a kai. Abin da ka ji yanzu da hannunka ya yi saurin nan, shi ne imaninka, kuma yana da rai, alhamdu lillah. Ni ba zan bi ka makaranta ba, ba zan bi ka jami'a ba, wata rana ma ina kabari. Abin da ba za ka iya ji kusa da ni ba, ka tuna akwai Wanda ya fi ni kusa da kai.

Bai ce komai ba. Ban ƙwace wayar ba, ban bincike ta ba. Mun kusa shiga gari na ga yana ta danne-danne, ƙanwarsa ta leƙo ta ce: "Yaya goge-goge yake yi." Na yi kamar ban ji ba, amma sai da na rage gudu don idona ya cika. Ban ce ya zama waliyyi ba, yaro ne, gobe ma sai an sake magana. Amma ƙofar da ta shekara uku a rufe tsakanina da shi, a kan kwalta ta buɗe.

A Katsina gidan ƙanwar mahaifiyata muka sauka, tsohuwar da rabona da ita tun rasuwar mijinta. Ta rungume yaran tana kuka tana cewa ashe za ta gan su kafin ta mutu. Washegari muka je Hasumiyar Gobarau, wadda a da masallaci ce kuma cibiyar karatu, na ba su labarin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman da Katsina take alfahari da su tun kafin jihadi. Muka leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce. Ranar Litinin muka juyo gida da rana tsaka, cikin aminci.

TO, 'YAN'UWA

Na san akwai wanda zai tsinci layi ɗaya a rubutun nan ya ruga ya ce Malam ya halatta kiɗa. Ban halatta ba, ka koma ka karanta da kyau, kuma ka ji tsoron Allah. Akwai kuma wanda zai ce yawon buɗe ido aikin Turawa ne da 'yan boko. Shi ma ya koma ya karanta aya ta 20 a Suratul Ankabut, da aya ta 22 a Suratur Rum inda Allah ya sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinsa, da aya ta 13 a Suratul Hujurat inda ya ce ya yi mu al'ummu da ƙabilu ne don mu san juna. Hukuncin tafiya yana bin niyyarta da abin da aka aikata a cikinta.

Ga 'yan shawarwari ga magidancin da zai gwada:

1. Kada ka ci bashi don hutu, kada ka yi don a gani a hoto. Duk abin da muka kashe bai kai kuɗin jirgin mutum ɗaya zuwa Dubai ba. In ba ka da mota, garinku ma yana da ganuwa ko tsohon masallaci ko kasuwar da 'ya'yanka ba su taɓa shiga ba. Wanda Allah ya hore wa ya je nesa, babu laifi, amma in bai taɓa kai iyalinsa Umra ba ya fara da can.

2. Ka tambayi lafiyar hanya kafin ka fita, ka yi tafiyar rana. Halin da ƙasa take ciki ba ɓoyayye ba ne, kuma rayukan da ke motarka amana ne.

3. Sallah ita ce za ta tsara tafiyar, ba tafiyar ce za ta tsara sallah ba. Ka koyi hukuncin ƙasaru da jam'i kafin ka tashi. Ka yawaita addu'a, don addu'ar matafiyi da ta mahaifi ga ɗansa suna cikin waɗanda ake amsawa, kai kuma ka haɗa biyun.

4. Ka binciki masauki kafin ka biya. Ni ban yi ba, kun ji abin da ya same mu.

5. Ka sa zumunci a cikin hanyar. Akwai wata tsohuwa a wani gari da ke jiran ganin 'ya'yanka.

6. In yaro ya yi tambaya mai wuya, ka ba shi amsar gaskiya, in ba ka sani ba ka ce mu je mu tambaya. Duk tambayar da ka ƙi amsawa, waya za ta amsa masa, kuma ba za ta nemi izininka ba.

Allah ya umarce mu a Suratut Tahrim da mu tsare kanmu da iyalanmu daga wuta. Na daɗe ina fahimtar tsarewar nan a matsayin kulle ƙofa kawai. Kulle yana da wurinsa. Amma yaran nan wata rana za su fita, ko muna so ko ba ma so, za su ga birane, za su ji kaɗe-kaɗe, za su haɗu da al'adu masu kyau da munana. Gara fitarsu ta farko ta zama hannunsu yana cikin naka, kana nuna musu wannan namu ne mu riƙe, wannan tarihi ne mu sani, wannan kuwa mu kauce masa.

Jiya auta ya same ni ina shirya jaka zan tafi wa'azi. Ya ce: "Abba, wannan tafiyar da mu ce ko ta mutane ce?" Na ce ta mutane ce, amma in Allah ya kai mu hutu mai zuwa, Sakkwato za mu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sanya su sanyin idanunmu, ya yafe mana gazawarmu a kan haƙƙinsu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare matafiya a duk inda suke. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne da Shaiɗan, ina neman gafarar Allah.

Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum warahmatullah.